Mpape, Garin da Dutse Ya Raya

Idan ana lissafin garuruwan da haƙar ma'adinai ta kafa a Arewa, da Jos ake farawa, sai Bukuru da Barikin Ladi. Wanda ya san tarihi ya ƙara da Riruwai ta ƙasar Kano, wanda ya san Nijar ya ce kada a manta da Arlit. Da wuya ka ji an sako Bwari a wannan lissafi. Bwari a bakin jama'a garin hukumar JAMB ne da makarantar horas da lauyoyi. Amma mu mazauna wannan ƙaramar hukuma mun san cewa a cikinta akwai garin da nakiya da tifa suka raya, yadda kuza ta raya Jos. Mpape ke nan, wadda ke ɗare bisa tuddai tana leƙen Maitama. A takarda ƙarƙashin Bwari take, ko da yake da yawa daga masu kwana a cikinta ba su taɓa taka sakatariyar ƙaramar hukumar ba.

Kafin zuwan Abuja, wannan yanki ƙauyukan Gbagyi ne, waɗanda Hausawa suka fi sani da Gwarawa, tare da Koro da Gwandara, da rugagen Fulani nan da can, da Hausawa 'yan kasuwa a manyan garuruwa irin Bwari. Noman doya da dawa ake yi. Duwatsun nan mafaka ne a zamanin hare-hare, wasunsu kuma wuraren ibadar gargajiya ne da ba kowa ke hawa ba. Babu wanda ya taɓa kallonsu a matsayin haja. In akwai haƙar ƙasa a wancan lokaci, ta mata ce: matan Ushafa da maƙwabtansu masu haƙo yumɓu su gina tukwane da randuna. Wannan sana'a ce ta kai hoton Ladi Kwali kan takardar naira 20, ita ce kuma ta kawo shugaban Amurka Bill Clinton Ushafa a watan Agustan 2000. Ramin da mace ta haƙa da fartanya kuwa, damina ɗaya ke cike shi.

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar da ta kafa sabon babban birnin tarayya, kwana 10 kafin a kashe shi. Tsohuwar Abuja ta bar wa sabon birni sunanta, ta koma Suleja. An yi ta rubutu a kan waɗanda suka zana birnin, da ministocin da suka riƙe shi, da kamfanonin da suka gina shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, birni irin wannan tsakuwa yake ci. Kowane titi sai an shimfiɗa masa dutse kafin a zuba kwalta, kwaltar ma da tsakuwa ake kwaɓa ta. Kowane ginshiƙi, kowace gada, kowane magudanar ruwa, siminti ne da yashi da tsakuwa. Ita kuwa tsakuwa kaya ce mai nauyi mai araha, in aka ɗauko ta daga nesa kuɗin mota sai ya zarce kuɗin kaya. Dole a fasa ta a kusa. Shi ya sa idon kamfanoni ya faɗa kan tuddan Mpape, ga dutse mai tauri, ga shi kuma a bakin birnin da za a gina. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara fasa dutse a can. Har yau in ka hau acaɓa a Mpape ka ce a kai ka Berger Quarry ko Crushed Rock, ko a Kubwa ka ce Arab Road, sunan kamfani ka kira, kuma babu ɗan acaɓan da zai tambaye ka ina ne.

Wanda bai taɓa ganin ana fasa dutse ba, ba zai gane yadda ake cinye tudu guda ba. Injin huda zai bi saman dutsen ya yi ramuka a jere, kowanne ya fi tsawon mutum ninki da yawa. A cusa nakiya, a haɗa waya. Sai jiniya ta yi kuka, a tare masu wucewa, 'yan talla su kwashi farantansu su ja da baya. Kafin ƙarar ta iso kunne, a tafin ƙafa kake fara jin ta. Kwanon ɗaki ya amsa, kaji su watse, jariri ya farka da kuka. Ƙura ta tashi fara fat, ta daɗe tana yawo kafin ta sauka a kan shanya, da ganyen mangwaro, da garin tuwon da aka baza a tabarma. Daga nan katafila ta kwashi manyan ɓaraguzan ta kai wa injin niƙa, shi kuma ya tauna ya tace: manya don shimfiɗar titi da harsashin gini, matsakaita don kankare, ƙanana don kwalta, sai garin dutse da masu buga bulo ke saye. Babu abin da ake zubarwa. Tifofi su jeru, a yi lodi, su gangara hanya guda ɗaya tilo da ta sauka babban titin Murtala Muhammed, kowane direba yana lissafin sawu nawa zai samu kafin magariba. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, tudu yana raguwa a sama, benaye suna tashi a ƙasa.

Inda aka ji ana biyan lada kullum, ba sai an aika wa talaka goron gayyata ba. 'Yan cirani suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauchi, wasu daga Maraɗi da Damagaram, wasu daga Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, ga makanikai da 'yan kasuwa daga kudu. Lebura ya zo da buhun kayansa ya kwana a rumfar langa-langa. Bayansa mai shayi ya biyo, sai mai tuwo, sai mahauci, sai wanzami da mai faci. A share fili a jera duwatsu a tayar da salla, can gefe wasu su kafa rumfa su fara ibadar Lahadi. Kafin shekara biyu lebura ya ɗauko iyali. Gbagyi masu ƙasa su yanka masa fili, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu, ya buga bulon ƙasa ya tayar da ɗaki biyu. A idon jama'a wannan takarda ta isa. A idon hukumar raya birnin, wato FCDA, ba komai ba ce, domin doka ta ce duk ƙasar babban birni ta gwamnatin tarayya ce. Daga wannan saɓani duk damuwar Mpape ta tsiro.

Sai ambaliyar mutane ta biyu ta zo, wadda ba ruwanta da dutse. Ranar 12 ga Disambar 1991 Janar Ibrahim Babangida ya taso da fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja. Ma'aikatu suka biyo, kuɗin haya ya tashi, sai aka ga ashe birnin bai tanadi wurin kwanan mai gadi da direba da 'yar aiki da ƙaramin ma'aikaci ba. Lokacin da Nasiru El-Rufa'i ya riƙe ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, rusau ya ci unguwanni irin su Karmo da Idu da Chika da Aleita. Waɗanda aka rushe ba garuruwansu suka koma ba, tunda abincinsu yana nan. Wasu suka tsallaka Mararaba da Suleja, wasu suka nufi Kubwa da Dutsen Alhaji da Bwari, da yawa kuma suka hau Mpape, saboda babu inda ya kai ta kusa da Maitama da Wuse. Yau mafi yawan mutanen Mpape ba su taɓa riƙe gudumar fasa dutse ba. Ka tsaya a bakin hanyar da sassafe ka gani: masu gadi cikin kaki, ma'aikatan banki, masu girki, malaman makaranta, magina da cebur a kafaɗa, duk suna gangarawa birni, tifofi na kutsawa a tsakaninsu.

Akwai kuma masu fasa dutse da ba su cikin rajistar kowane kamfani, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai. A gefen manyan ramuka, da bakin hanyar Dutsen Alhaji, maza kan haɗa wuta da itace ko tsohuwar taya a kan falalen dutse har ya yi zafi ya tsage, su ɓamɓare shi da babbar guduma da ƙarfe. Mata su karɓa. Za ka ga mace zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, ɗa a goye, ta sa dutse cikin zoben roba da aka yanko daga taya don kada ya yi tsalle, tana bugu da 'yar guduma tun hantsi har la'asar. Ba tabarau, ba takunkumi. Yatsunta duk tabo. Tulin da ta tara da kwanon awo ake saye, mai saye kuma shi ke yanka farashi. Ƙurar wannan dutse, likitoci sun daɗe da sani, tana taruwa a huhu ta bar tabon da ba ya warkewa, kuma sai bayan shekaru tari da haki ke bayyana, lokacin da mutum ya riga ya koma ƙauye. Shi ya sa babu littafin da ake rubuta waɗannan marasa lafiya a matsayin na Abuja.

Ga kuma batun ruwa. Madatsar Usuma, wadda aka gina a shekarun 1980 kusa da Ushafa, ita ke shayar da birnin, kuma a ƙasar Bwari take. Ke nan ƙaramar hukuma guda ta ba Abuja dutsen gini, ta kuma ba ta ruwan sha. Amma a lungunan Mpape, ɗan ga-ruwa ne famfo. Shi zai cika jarkoki a rijiyar burtsatsen wani mai hali, ya tura kura ya hau tudu, jijiyoyin wuyansa a waje, wani lokaci sai yara sun taya shi turi. Mai ɗaki ɗaya a can yana sayen ruwa da tsadar da mai bene a Maitama bai san da ita ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A 2012, zamanin minista Bala Mohammed, aka ba da sanarwar za a rushe Mpape. Wanda ya zauna kusa da mutanen garin a lokacin ya san irin zullumin da aka shiga: wasu suka cire ƙofofi da kwano suka sayar da araha, wasu suka tura iyali gida. Mazauna garin suka garzaya kotu, shari'a ta ɗauki shekaru, sai a watan Fabrairun 2017 wata babbar kotu a Abuja ta yanke cewa shirin rusau ɗin ya saɓa wa doka. An yi murna, kuma ta cancanta. Sai dai hukuncin ya tsayar da katafila ne kawai, bai ba kowa takardar mallaka ba. Mutumin da ke jiran rusau ba ya zuba kuɗinsa a ginin kirki, gwamnatin da ke da niyyar rusawa kuma ba ta gina magudanar ruwa ko ta ja famfo. A tsakanin waɗannan biyun garin yake rataye har yanzu, yana ƙaruwa kullum ba tare da an yarda cewa gari ne ba.

A farkon Satumbar 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape, aka ji har Maitama da Gwarimpa. Mutane suka kwana a waje, wasu suka kwashe kaya cikin dare. Gwamnati ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci, aka kafa kwamiti, aka girka na'urorin auna motsin ƙasa. Masana suka rabu: wasu suka ce tsagewar da ke can ƙarƙashin dutse ce ke sakin nauyi, wasu suka ɗora laifi kan yawan nakiya da yawan rijiyoyin burtsatse. A Satumbar 2024 abin ya sake faruwa. Abin da na lura da shi shi ne, bangon talakan Mpape ya daɗe yana tsagewa saboda nakiya, an daɗe ana kuka, amma sai da gilashin Maitama ya girgiza aka kafa kwamiti.

A 2020 kuma, lokacin kullen korona, sai ga Mpape a Instagram da Twitter. Wani tsohon ramin dutse a Crushed Rock, wanda aka daina aiki a cikinsa ruwa ya cika shi, ya zama wurin shaƙatawa. Samari da 'yan mata suka riƙa zuwa da tabarmi da abinci, ana ɗaukar hoto, masu gyaɗa da masu lemo suka samu kasuwa, har wasu matasa suka haɗu suka kwashe sharar da baƙi suka bari. Wurin yana da kyau, ba a musu: ruwa kore shar, bangon dutse ya miƙe sama, ciyawa ta lulluɓe gefe. Amma duk wanda ya tsaya a bakinsa ya kamata ya san abin da yake kallo. Wannan faɗin da wannan zurfin, gurbin dutsen da aka gina birni da shi ne, aka kwashe injuna aka tafi ba a cike ba, ba a katange ba. Hukumomi sun sha gargaɗin kada a shiga iyo. Yaran unguwar kuwa a gefensa suke wasa kullum, ko da baƙi ko babu.

Ba sai mun yi duba ba kafin mu san inda wannan hanya ke kaiwa, domin Jos ta riga mu bin ta. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai na narka kuza suna fitar da ita siri-siri ana kaiwa kasuwanni. Wannan ce Turawan kamfanin Neja suka gani suka bi sawunta har tsaunukan Filato a farkon shekarun 1900. Zuwa 1914 an shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya don kwasar kuza, a 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan. Hausawa da sauran ƙabilu suka cika barikokin haƙa, Jos da Bukuru da Barikin Ladi suka tashi a kan gonakin Birom da Anaguta da Afizere. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake samun mafi yawan kuzar daular Ingila, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa sarakunan Arewa kawo mutane aikin tilas. Aka ɗebo talakawa daga lardunan Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauchi da sauransu, da yawa sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe su. Bayan duk wannan, kasuwa ta yi ta ja da baya, a 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a duniya, manyan kamfanoni suka naɗe tabarma. Suka bar ɗaruruwan kududdufai da har yau suke cin mutane da dabbobi, da gonakin da ba sa nomuwa.

Abin da ya ceci Jos shi ne ta samu wasu ƙafafun tsayawa: ta zama hedkwatar jiha a 1967, ta samu jami'a a 1975, ga kasuwa ga noman dankali da kayan lambu, wanda wani sashensa ma da ruwan waɗannan kududdufai ake yi. Abin da bai warke ba shi ne tambayar da haƙar kuza ta bari: wane ne ɗan gari, wane ne baƙo? Kamfani ya tara mutane don amfaninsa, gwamnati ta karɓi haraji, babu wanda ya zauna ya tsara yadda mai ƙasa da jikan lebura za su zauna tare kowa da haƙƙinsa. Rikicin da ya faru a Jos daga Satumbar 2001 kowa ya sani, ba sai na tayar da mikin ba.

Mu ma a nan mun ɗanɗana. Garin Bwari ya girma ne ta wata hanya daban, ta ofis da makaranta: aka ba shi ƙaramar hukuma a 1996, makarantar lauyoyi ta taso daga Legas a 1997, ga hedkwatar JAMB, daga baya jami'ar Veritas ta zo. Gonakin doya suka zama gidajen haya. Amma a ranar Kirsimetin 2017 rikici ya tashi, wanda ke da nasaba da taƙaddamar sarauta tsakanin Gbagyi da Hausawa, aka rasa rayuka, kasuwar Bwari ta ƙone, aka sa dokar hana fita. Dukiyar da ta ƙone ta kowa ce. Ba-Gbagyin da aka karɓe gonar kakansa da sunan babban birni yana da gaskiya in ya yi kuka. Bahaushen da aka haifi ubansa a Bwari, ko wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin Mpape, shi ma yana da gaskiya in ya ce nan ne gida. Dukansu biyu ba su da takardar da hukuma ta yarda da ita, kuma ba ɗayansu ne ya ci ribar dutsen ba.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, ita ke ba da lasisi, ita ke karɓar kuɗi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa duk mai lasisin fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk bayan shekara 5. Ta kuma ɗora masa gyara ƙasar da ya haƙa in ya gama. A 2013 hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan fasa dutse da amfani da nakiya. Duk ofisoshin da ke da alhakin waɗannan dokoki a Abuja suke, wasunsu ana hango tuddan Mpape daga tagoginsu. In doka ba ta yi aiki a nan ba, ina za a sa ran ta yi a dajin Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a 2010?

Ni a ganina Mpape ta biya kuɗin zamanta tun tuni, da dutsenta da huhun mutanenta. Abin da ya dace da ita shi ne a auna ta, a fitar da tituna da magudanai, a ba mazaunanta takarda, a fara da Gbagyin da aka tarar a wurin, a ja mata ruwan Usuma, a kuma katange ramukan da aka bari kafin su zama irin na Filato. Wanda ya zama dole a tayar saboda hanya ko hatsari, a ba shi madadi kafin a taɓa ɗakinsa.

Ramukan Kubwa da na wajen Dutsen Alhaji kuwa har yanzu ana aiki a cikinsu, gidaje kuma kullum matsowa suke yi. Kira na ga masu unguwanni da kansiloli da limamai da fastocin waɗannan wurare: ku nemi kwafin yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin da ke maƙwabtaka da ku, ku karanta wa jama'a da Gbagyi da Hausa, ku tambayi wa zai cike ramin da kuma yaushe. Da sunan al'ummarku aka sa hannu, kuma yanzu ne kamfanin ke nan da za a iya tambayarsa.